Ranar da Surukata Ta Faɗi Sunan Ɗanta

Jikokina sun daina zuwa tatsuniyata. Tun zuwan shari'a dandali ya watse, sai talabijin. Jiya na tarar suna kallon wasan yara kan zaman gida lokacin yaƙin basasa, wata uwa tana kuka tana kiran sunan ɗanta soja. Na ce wanda ya shirya wannan bai san surukata ba.

Mijina ɗan farinta ne, kunya ta hana ta ambatonsa, ni kuma ba na faɗin sunan miji. Tun tafiyarsa yaƙi, in hadari ya haɗo sai ta dakata da kaɗin auduga, ta ce, "Ko can ma ana ruwa?" Iyakar tambayarta ke nan.

Da wani soja ya dawo garin Sandamu da rauni, muka taka daga Daura don neman labarin mijina, dugadugenta duk faso. Ya ce, "Iya, wane ne naku?"

Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana murza bakin zaninta mai ƙamshin hayaƙi, sannan ta faɗi sunan a hankali.

Ya ce bai san shi ba. Muka dawo gida, har ta rasu ba labari.

Allah Ya sada ta da ɗanta, ni ma Ya isar da ni gare su.