Ledar Baba Idi

Har gobe ban manta da ranar da bakina ya ja wa Baba Idi ba. Shekarata goma sha tara, ina wanke-wanke a wani gidan walima a unguwar Nu'aija, can ƙasar Larabawa. Ku sababbin zuwa, ga dokar gidan: in baƙi sun watse, ma'aikaci ya ci ragowa har ya kasa numfashi, amma ko ƙashi ba ya ƙetare ƙofa. Sauran na bola ne.

Baba Idi maigadinmu ne, dattijo, mutumin Gusau. Kullum sai ya ƙulle nama a leda ya cusa a jaka. Ni kuwa uban surutu, na tsaya a kicin ina kwaikwayonsa da guntun Turancina, wai raƙumi guda yake haɗiyewa har da tozo. Aka yi ta dariya. Ashe manaja, wani Bature, yana bayana.

Washegari da rana aka zazzage jakar a gabanmu. Manaja ya ce, "Greed!" Wato haɗama. Hukuncin kora ne, kuma in kafil, wato wanda ya tsaya maka kan takardun zama, ya sallame ka, sai komawa gida.

Ni aka sa tafinta. Baba Idi ya ce, "Gaya masa, samarin ɗakinmu ne a unguwar Al Asmakh. Aikinsu ya ƙare, suna jiran tikiti. Su nake kai wa."

Madam Rosa, shugabar kicin, 'yar Kolombiya, ta ajiye wuƙarta.

"Ku da kalma ɗaya kuke jifan kowa," in ji ta. "Mu a Sifaniyanci mun rarrabe. Gula ta acici ce, kamar yaron nan." Ta nuna ni. "Codicia ta mai hangen abin wani. Avaricia kuwa ta wanda ya danne abin da ba zai ci ba, ya hana mai yunwa." Ta ɗaga murfin bola, ga shinkafa da rabin rago. "Wannan fa, wacce ce?"

Fuskar manaja ta yi ja. "Doka ce. Khalas, an gama."

Da Baba Idi zai fita, ya dafa kafaɗata. "Ɗana, in za ka ba da dariya, ka riƙa waiwayawa."

Ranar na gane a aikin nan mai iko ne ke raɗa wa laifi suna, mu ƙanana kuma mu ke miƙa masa junanmu.

Baba Idi ya riga samarin nan hawa jirgi. Naman kuwa, har yau ni nake juye shi a bola.