Akwatin Gilasan Kakanmu

Shekarar da na shiga aji uku na elemantare, ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, aka kawo mana sabon malami. Saurayi ne siriri, bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Makarantarmu tana cikin birni, ba nisa da Ƙofar Na'isa, ginin ƙasa ce mai ƙananan tagogi. Abin da ke cikin ajinmu bai wuce allo da alli da bencina ba, sai wata tsohuwar taswira da gara ta cinye gefenta.

Cikin darussan da yake koya mana akwai Lura da Halitta, kuma shi ya fi so. Da yake ba abin da zai nuna mana, sai ya riƙa zanawa. Ya iya zane ƙwarai. Wata rana ya zana wani ƙwaro mai gashin baki da 'yar jela, ya ce a cikin ruwan kududdufi yake zaune, kuma shi ne ke kawo wa mutane kurkunu. Muka yi ta dariya a ɓoye, don mu ne masu wanka a kududdufin unguwa, ba wanda ya taɓa ganin wannan dodo. Malam bai yi fushi ba. Ya ce ƙwaron ƙarami ne ƙwarai, sai da gilashi mai ƙara girman abu ake ganinsa sosai, shi ma a makarantarsu ya gani. Ya ce ya roƙa a kawo mana irin gilashin, an ce ya yi haƙuri tukuna. Ya tsaya yana duban zanensa, sannan ya sa tsumma ya goge.

Ni kuwa na san inda gilasai suke jibge. Kakanmu, mahaifin babana, sana'arsa sayar da tabarau a kasuwar Kurmi. Asalinmu mutanen Barno ne, amma tun zamanin iyayensa muke Kano. Malamai masu karatun dare da maɗinka da masu rubutun Alƙur'ani su ne abokan cinikinsa. Mutum zai zauna a gabansa, a miƙa masa takarda mai rubutu, a yi ta canza masa gilashi har ya ce ga wanda ya yi masa daidai. Da ya rasu, babana bai gaji sana'ar ba, fatauci yake yi, sai akwatin gilasan ya koma ɗakin Kaka, matar marigayin.

Akwatin katako ne mai ɗakuna ƙanana a ciki, kowane gilashi a naɗe da auduga. Kaka takan jawo shi daga ƙarƙashin gado kowace Juma'a da hantsi, ta goge gilasan ɗaya bayan ɗaya da gefen zanenta, ta mayar. Ba ta taɓa sa tabarau ba, ba ta kuma san amfanin kowanne ba. Ɗakinta kullum ƙamshin turaren wuta yake yi, har audugar cikin akwatin ta ɗauka.

Da na dawo gida ran nan na same ta tana gyaran wake, na zauna kusa da ita na kawo maganar. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Maigida, ka ci abinci kuwa?" Haka take kirana, da yake sunan marigayin aka sa mini. Na gane ba ta son zancen, na bari. Amma washegari bakina bai yi shiru ba, na faɗa wa Malam.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a ƙofar gidanmu da la'asar. Babana ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin jin kunya. Babana ya ce shi ba shi da ta cewa, kayan na tsohuwa ne. Aka aika ni na kira ta. Ta fito a hankali, ta zauna a bakin ƙofar ciki, ta amsa gaisuwarsa. Ta tambaye shi garinsu da iyayensa, ta yi musu addu'a. Shi kuma ya yi mata bayanin abin da yake so ya yi da gilasan, ya ce aro yake nema, ba kyauta ba.

Kaka ta ce, "Malam, in na ba ka, yaran nan ba za su fasa ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Iya, za su fasa wasu. Zan kula iyakar ƙoƙarina, amma hannun yara ne."

Ta ce ta ji, za ta yi tunani. Na raka shi har bakin titi ina jin haushinsa, don a ganina ya ɓata mana shiri. Me zai hana ya ce ba za a fasa ba?

Ranar Juma'a ta kira ni ɗakinta. Ta goge gilasan kamar yadda ta saba, amma ta daɗe fiye da kullum. Ta cire tabarau ɗaya, wanda marigayin yake sawa da kansa, mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ta cusa a ƙarƙashin matashinta. Sannan ta rufe akwatin ta turo mini. Ta ce in gaya wa malaminmu ba aro ba ne, sadaka ce, Allah Ya kai ladan kabarin mai su. Ta ce da ya yi mata alkawarin ba za a fasa ba, da ba ta ba shi ba. Sharaɗinta ɗaya ne, duk abin da muka gani in zo in ba ta labari.

Da aka koma makaranta ni da yayana muka ɗauki akwatin muka kai. Malam ya buɗe a gaban aji, ƙamshin ɗakin Kaka ya tashi, yara suka yi ta shaƙa suna dubana. Ya ce mu ɗaga hannu mu yi wa marigayin addu'a, muka yi. Daga nan ya ware gilasan gida biyu. Masu kauri a tsakiya su ne ke ƙara girman abu, masu kauri a gefe kuwa rage shi suke yi. Ya sa muka kawo kara, muka tsaga, muka maƙala gilasan a ciki muka ɗaure da zare, kowanne ya sami mariƙi.

Abin da na fara dubawa yatsana ne. Na ga layuka sun zagaye kamar kunyoyin gona, da dauɗa a ƙarƙashin farce wadda ta sa na ɓoye hannun. Bayan haka ba abin da muka bari. Muka duba gishiri, muka ga ashe 'yan dunƙulaye ne masu kusurwa. Muka duba saƙar rigunanmu, da ƙwayar gero, da kan tururuwa. Yaron da ya fi kowa rashin magana a ajin ya zo da fiffiken malam-buɗe-littafi a cikin ganye, ya hana kowa taɓawa sai shi. Ajin da a da sai an yi mana tsawa muke buɗe baki, yanzu sai an yi tsawa muke rufewa.

Ni kuma kullum in na dawo, kafin in cire rigar makaranta, sai ɗakin Kaka. Tana tsinke zogale ko tana kaɗi, ina zuba. Wani abin ta yarda, wani ta ce ƙarin gishirina ne. Da na ce mata ƙuda yana da gashi a ƙafa, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an kai ƙuda wurin wanzami ba.

Ranar da aka ɗebo ruwan kududdufi a kwalba, Malam ya zuba a farar tasa ya kai bakin taga. Da ido ma, in ka natsu, sai ka ga wasu fararen ɗigo suna zillo. Ya haɗa gilasai biyu mafi kauri, ya daidaita, ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Abin bai fito sarai kamar zanensa ba, amma ga shi nan da 'yar jelarsa, yana tsalle. Ba wanda ya yi dariya. Sai ya tace ruwan da farin ƙyalle mai saƙa a matse, muka sake dubawa, ba mu ga ko ɗaya ba. Da na kai wa Kaka wannan labari ba ta yi mini wasa ba. Ƙaninta ya yi damina guda a kwance saboda kurkunu suna yara. Ta yage gefen wani sabon mayafinta ta ɗaure a bakin randa, ta ce daga yau ba ruwan da zai shiga sai ta nan.

Fashewar da Malam ya faɗa ta zo ana tsakiyar damina. Abokin zamana, ɗan wani mai sayar da itace, yana duban fiffiken fara sai aka ture shi, gilashin ya suɓuce ya faɗi a kan dutsen bakin ƙofa. Yaron ya tsuguna yana tsince gutsattsarin yana kuka, har ya yanke a yatsa. Malam ya ɗaure masa yatsan, ya naɗe gutsattsarin a takarda ya ba ni, ya ce in kai wa Iya in ce yana ba ta haƙuri.

Na kai mata. Ta buɗe takardar ta daɗe tana kallo, ta yi wata magana da Barbarci wadda ban ji ba. Sai ta tambaye ni ko an doki yaron, na ce a'a. Ta tambaye ni abin da yake dubawa, na faɗa mata.

Ta ce, "Ya gama gani kafin ya faɗi?"

Na ce bai gama ba.

Ta ce, "To gobe a ba shi wani ya ƙarasa."

Gutsattsarin kuwa ba ta zubar ba, ta ƙulle su a tsumma ta ajiye.

Abin da ya fito da ita daga gida shi ne labarin bishiya. Malam ya toshe tagogin aji da tabarmi, ya bar 'yar kafa ɗaya ya sa gilashi a ciki, ya riƙe farin zane a bayansa. Sai ga tsamiyar filin makaranta ta fito a jikin zanen da launinta, amma kanta a ƙasa. Da na ba Kaka labari ta ce wannan kam ƙarya ce, shekara da shekaru tana zaune da mai gilasan nan bai taɓa kifar da bishiya ba. Na rantse, ta ce in daina rantsuwa, za ta je ta gani da idonta.

Ta kuwa je. Ta yafa lafayarta ta zuwa biki, ta ɗauki sanda, muka tafi da hantsi muna tsayawa tana hutawa. Babban malami ya fito da kansa ya tarye ta, ya sa a kawo kujera, ta ce ita tabarma ta saba. Yara suka tashi suka gaishe ta baki ɗaya, ta rasa inda za ta sa kanta. Aka rufe tagogi, ɗaki ya yi duhu, Malam ya ɗaga zanen. Ta matso, ta ƙanƙance ido, ta ce ita hazo kawai take gani. Sai ta laluba cikin lafayarta ta fito da tabaran marigayin, ashe ta taho da shi. Ta sa, ya zame mata har kan hanci, ta riƙe da hannu.

Daidai lokacin wani mai jaki ya bi ta gefen filin da kayan tukwane. Ga shi nan a jikin zane, shi da jakinsa, ƙafafu a sama, suna tafiya abinsu. Kaka ta yi salati a hankali. Sai ta fara dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun rasuwar kakanmu, har ta kai hannu tana share ido ta ƙarƙashin tabaran. Ta ce, "Allah Sarki, Malam. Da ya ga wannan, da kasuwa ba ta gan shi ba yau." Marigayin take nufi. Malaminmu ya ci gaba da riƙe zanen har hannunsa ya gaji, bai sauke ba sai da ta ce ya isa.

Kafin ta tafi ta ce a nuna mata yaron da ya yanke. Ya taso yana noƙewa, ta kama yatsan ta duba tabon, ta shafa kansa.

A hanyar komawa ta gaji, muka zauna a dakalin wani gida. Ta saya mini rake, ita kuma ta fasa goro. Can ta ce ta lura da malamin nan, wuyansa duk ƙashi, da gani ba mai dafa masa abinci. Na ce ɗaki yake haya shi kaɗai, a bakin kasuwa yake saye ya ci. Ta girgiza kai.

Daga wannan makon, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ta sa a yi burabusko da miyar kuka, ta zuba da hannunta a kwano mai murfi, ta ɗaure da ƙyalle, in kai masa. Da fari yakan ce in gaya wa Iya ta daina wahalar da kanta, daga baya ya saba, har yakan wanke kwanon ya sa 'yan dabino a ciki. Haka muka yi har na gama elemantare, shi kuma aka mayar da shi wata makaranta a ƙauye. Akwatin ya bar shi a ajin don na bayanmu. Ranar da zai tashi ya zo gidanmu sallama, Kaka ta fito zaure ta yi masa addu'a mai tsawo, ta ce in ya tashi aure ya aiko a gaya mata. Bayan shekara guda ya aiko, ta kuwa aika wa amaryar da turaren wuta cikin kwalba.