Ƙofa Ta Tamanin Da Takin Da Ya Wuce Mu

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar rajistar takin nan. Shekarun da buhun taki ya gagari talaka ne, fetur kuma sai wane da wane. Wata ƙungiya ta ce za ta tallafa wa manoman ƙauyenmu, can bayan Makoɗa, amma sai wanda sunansa ya shiga kwamfuta. Da yake ni na yi karatu a Bici, ni aka damƙa wa laftof ɗin, aka koya min tayar da wata manhaja da ake kira saba, wadda ita ke buɗe shafin rajistar. Sati guda ina gwadawa, tana tashi lafiya ƙalau.

Saura kwana biyu sai surukina ya aiko a ara masa laftof ɗin, zai yi magana ta bidiyo da ɗansa da ke Saudiyya. To wa zai ce wa surukinsa a'a? Mutumin da ko ido ba ma haɗawa! Na naɗe ta a zani na aika. Da ta dawo na ga wani baƙon tambari a fuskarta, raina bai kwanta ba, amma kunya ta hana ni tambayar me aka saka mata.

Ranar, tun da sassafe mutane suka cika gindin darbejiyar firamare. Jami'an ƙungiyar suka ce da la'asar za su kwashi sunayen su wuce gaba. Batirin laftof ɗin ba ya riƙe wuta, mai kuma galan ɗaya muka samo wa janareta. Na danna, saba ta ƙi tashi. Wani jan rubutu ya fito, na rufe shi ko karantawa ban yi ba, don idon gari yana kaina. Na kashe na kunna. Na goge manhajar na sake sakawa. Janareta kuwa sai shan mai yake.

Wani tsoho maƙwabcinmu ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, lafiya dai? Ko karyawa ban yi ba na fito."

Na ce, "Yanzun nan, Baba." Wallahi ƙarya nake, ban san inda na dosa ba.

Sai bayan azahar girman kai ya sake ni, na kira wani abokin karatuna da ke aiki a Rijiyar Zaki. Ya ce in karanta masa jan rubutun. Na ce wai ana amfani da fot tamanin.

"Kai amma ka cuci mutane!" in ji shi. "Fot ai ƙofa ce. Kowace manhaja da lambar ƙofarta, biyu ba sa zama a ɗaya. Wani ya riga sabarka tare ta tamanin. Wa ya taɓa na'urar nan?"

Nan take na tuna da aron surukina. Ya faɗa min abin da zan rubuta in ga mai riƙe da ƙofar. Ashe manhajar bidiyon ce da mai shagon caji ya saka wa surukina, tana tashi da kanta da zarar an kunna. Na kashe ta, saba ta tashi. Aikin minti biyu, jama'a, minti biyu!

Ko rabin layi ban ci ba janareta ya yi tari ya mutu. Tsohon nan shi ne na gaba, katinsa a hannu. Jami'an suka kwafi abin da ya samu suka ja mota. Surukina ma bai shiga ba. A gaban kowa ya dube ni ya ce, "Wannan shi ne karatun?" Na durƙusa na ce, "A yi haƙuri, Baba." Har ya koma ga Allah bai san hirarsa da ɗansa ce ta tare ƙofar ba.

Daminar nan geron tsohon ya tsaya iya gwiwa, ganye duk ya yi rawaya, kuma ta bakin gonarsa nake bi kullum. Da kaka bai cika ko rabin rumbu ba, ya tafi cirani da furfurarsa. A gari kuwa aka ce na sayar da guraben mutane.

Tun daga ranar, in na'ura ta yi gardama sai na fara karanta ƙorafinta kafin in taɓa komai. Kayan amanar jama'a kuwa ba na ara wa kowa, ko uban matata ne. Na yi kunyar mutum ɗaya, rabin gari ya kwana da yunwa.