Ƙanwata da aka binne da sunan aro

Shekara shida ke nan, a makon da ya biyo bayan babbar Sallah, da muka rasa autarmu. Tana da shekara takwas. Da tana nan da yanzu ta kai sha huɗu, da kuma ta fi ni tsawo, don ƙafafun Baba ta ɗauko. Na daɗe ina fara wannan rubutu ina gogewa. Ko yanzu sai da na sauya sunayen mutane, ban kuma ambaci asibitin ba. Duk wanda ya taɓa zaman Jidda ba takarda ya san dalili.

A nan aka haife mu, a nan aka haifi Inna. Kakanninmu ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Ni ina cikin iƙamar Baba, wato takardarsa ta izinin zama, da ita na yi karatu har na gama sakandare. Auta kuwa a gida aka haife ta, a shekarar da Baba ya rabu da kafili, Balaraben da ke tsaya masa a takarda, bai samu wani ba, aka ce za a saka ta in abubuwa sun daidaita. Ana za a yi, za a yi, Baba ya rasu. Iƙamata ta mutu da mutuwarsa, ita kuma ba ta taɓa mallakar ko guntuwar takarda ba. Muka koma ɗakin saman bene a gidan Kawu Idi, yayan Inna, a unguwar Madain Fahd.

Ciwon da zazzaɓi ya fara, ya tafi ya dawo. Sai dasashinta ya riƙa jini in ta yi asuwaki, tafin hannunta ya yi fari fat. An yi habbatus sauda, an yi zamzam, an yi maganin kemis. Ranar da ta kasa hawa benen, Kawu ya ɗauko katin 'yarsa Amira, wadda wata uku ne tsakaninta da Auta. Hoton da ke jiki na yarinta ne, kowa ya kalla sai ya ce ita ce. Ba mu muka fara ba. A unguwarmu kati ɗaya yakan kai yara uku asibiti, a karɓo maganin tari, a mayar da kati kafin magariba. Mu ma aron yini ɗaya muka ɗauka.

A cikin mota aka koya mata. Sunanki Amira. Kawu shi ne Baba, matarsa Rabi ita ce Mama. Inna ta koma Gwaggo, ni kuma 'yar gwaggo. Auta ta maimaita sau biyu ta ce, "Halas, shi ke nan, na haddace. To in Amira nake, kekenta ma nawa ne ko?" Duk muka yi dariya, har Inna.

Katin bai dawo kafin magariba ba. Aka ce sankarar jini ce, aka ba ta gado, wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin jinyar Amira 'yar Idi. Masu magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mu dai wata goma sha ɗaya muna jan zanen nan, in mun rufe nan can ya buɗe.

Ita Auta wasa ta mai da shi. Sandar da ake rataya ledar ruwa ta sa mata suna raƙumina, tana jan ta a baranda tana ce mata yalla, mu je. In ma'aikaciya ta zo da allura sai ta ce, "Amira ce ba lafiya, ni ƙalau nake. Ku je gida ku yi mata." Da Hausa take faɗa, ba wanda ya ji sai mu. Sau ɗaya kawai na ga wasan ya gagare ta. Ana ɗibar ruwa a bayanta, zafi ya kai mata, ta ce "Inna!" Sai ta zaro ido, ta dube mu, ta gyara da sauri: "Gwaggo." Inna ta fita ta tsaya a bakin taga. Yarinya 'yar takwas ana soka mata allura a ƙashin baya, abin da ke ranta kada ta tona mu.

Likitar da ke kula da ita wata dattijuwa ce daga ƙasar Cek, Larabawa na cewa Tishik. Daktora kawai muke kiran ta. Larabcinta a karye yake, namiji ta mai da shi mace, Auta tana gyara mata tana tsokanar ta. Da magani ya yi aiki ciwon ya lafa, sannan ya sake dawowa, sai Daktora ta ce saura dashen ɓargo, kuma wanda ya fi dacewa ya bayar shi ne wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da ita. Kawu ya kawo 'ya'yansa uku manya, aka ɗebi jininsu, muna tsaye muna kallo, mun san ba nan amsar take ba. Babu wanda ya dace. Aka duba jerin masu ba da ɓargo na ƙasashen waje, Daktora ta ce baƙar fata ba su da yawa a ciki, ba a samu ba.

Washegari da hantsi ta same ni a baranda ina wanke kofi. Ta daɗe tana kallon fuskata. Wushirya ɗaya gare mu da Auta, kunnenmu na hagu kuma iri ɗaya ya lanƙwashe. Ta ce, "Ke wace ce a wurinta?" Na ce 'yar gwaggonta. Ta gyaɗa kai, ta ja kujera, ta ba ni labarin ƙasarsu.

Ta ce a zamanin malamanta, ɗakin yara masu irin wannan ciwo ɗakin jira ne. A ƙara musu jini, a rage musu zafi, a kira iyaye. Kusan ba mai fita da ƙafarsa. Ƙasar kuma a kulle take da shingen waya, ba a fita sai da izini, izinin kuma ba kowa ke samu ba. Likitocin sun san a maƙwabta, tafiyar 'yan sa'o'i, yara sun fara warkewa, amma magani da littattafai da ƙyar suke shigowa. Ta ce abin da ya fara canza lamarin ba wata na'ura ba ce. Likitocin yara na biranen ƙasar ne suka haɗa kai, suka ɗauki tsarin magani ɗaya wanda suka koya daga Jamusawa, suka yarda kowa zai bi shi, kuma kowane yaro za a rubuta shi: abin da aka ba shi, abin da ya faru, har wanda ya mutu. Daga rubutun waɗanda suka mutu aka gane inda ake kuskure. Bayan nan aka fara dashen ɓargo a Prag, babban birninsu, da farko daga ɗan'uwa zuwa ɗan'uwa. Da aka buɗe iyaka, mutanen gari suka riƙa rubuta sunansu don su ba yaron da ba su taɓa gani ba. Yanzu, in ji ta, mafi yawan yaran nan suna komawa makaranta.

Sai ta ce, "Ni ba 'yar sanda ba ce. Amma ba na iya warkar da yarinyar da ban sani ba. In akwai wani jinin da ban gani ba, ɗakin ɗibar jini yana kusa da lif."

Bayan la'asar na faɗa a gida. Inna tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Kawu ya ce, "Hajjo, in jininki ya dace, gado za su ba ki. Ke babba ce, yatsa za ki ɗora a na'ura. Su tambaya yaya 'yar gwaggo ta zama 'yar'uwa. Mu tara ne a gidan nan. Ina za a kai mu? Ƙasar da ko tashar motarta ban sani ba?" Ba na so mai karatu ya ga baƙin Kawu. Mutumin da ya ba da sunan 'yarsa ba mugu ba ne. Gaba kura ce, baya sayaki, kuma shi ne a gaba. Ya ce a bari Hajji ya wuce, bincike ya lafa, ya nemi wanda ya san hanya. Inna ta ce, "Allah ya kai mu." Ban taɓa jin muryarta ƙarama haka ba.

Duk da haka da safe na je. Na kai har ƙofar ɗakin da ke kusa da lif, na naɗe hannun abayata tun kafin a ce. Matar da ke kan tebur ba ta ko dube ni ba, ta miƙo hannu ta ce, "Iƙama." A gefenta ga na'urar yatsa da jar fitila, a bayana ga mai gadi yana shan shayinsa. Ban ma tabbata ya gan ni ba. Ƙafata ce ta juya da kanta. Na sauka ta matakala, na sayo wa Auta lemon mangwaro, na kai mata. Ta ce, "Yaya, me ya sa kika naɗe hannun abayarki?" Na ce zafi ne.

A kwanakin Hajji, marasa takarda ba su cika fita ba. Sati uku ban leƙa asibiti ba, Mama Rabi ce ke jinya tun da ita ce uwa a takarda. An ce sannu ba ta hana zuwa. Ta hana. Bayan Sallah zazzaɓi ya kama Auta, jikin ba shi da abin da zai kare kansa, kwana huɗu ta cika. Inna tana wurin, a matsayin gwaggo.

Takardar mutuwa da sunan Amira ta fito. Ba mu yi tunanin wannan ba sai da aka ce Kawu ya miƙa katin. Amira ta gaskiya tana nan, yanzu shekararta sha huɗu, tana ƙasa tana yanka albasa a lokacin da nake wannan rubutu. A na'urar hukuma ta rasu shekara shida da suka wuce. Makaranta ta tsaya mata a aji uku. Ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai ranar da ƙawayenta suka gama firamare ta hau saman bene ta zauna a ƙofar ɗakinmu har aka kira magariba. Mama Rabi da Inna suna gaisawa, suna girki a tukunya ɗaya, maganar ba ta wuce gishiri da mai.

Nakan tambayi kaina me Auta za ta ce da Jiddan yau. An rushe layin da aka haife ta, inda gidan ungozomar yake fili ne yanzu. Yanzu mata na tuƙin mota, da ta ce sai ta koya kafin ni. Komai ya koma waya da yatsa, aron kati ya ƙare. Wannan kuskuren namu ba mai sake yin sa, amma yaran da ke saman benaye irin namu ban san ta wace ƙofa za su shiga ba in dasashinsu ya fara jini. Ni kuma ina nan inda ta bar ni. Ina yi wa mata lalle a cikin gida, in na ji jiniya a titi sai zanen ya karkace. Ban iya bin hanyar asibitin ba har yau.

Wani lokaci nakan nemi labarin likitocin yara na ƙasar Cek a waya, in sa ta fassara mini. Abin da Daktora ta faɗa haka yake. Nakan tsaya a kan hotunan yaran da gashinsu ya sake fitowa. Daktora ta gaya mini cewa ba kowane ɗan'uwa jininsa ke dacewa ba, sau da yawa ma ba ya dacewa. Na riƙe wannan magana shekara shida ina lasa. Ba ta ƙosar da ni ba, don ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na yarda da ƙaddara, na san kwananta ne ya ƙare. Amma ƙaddara ba ta hana ni tuna cewa hannuna a naɗe yake a ƙofar nan.

Me ya rage na Auta? Kabari a nan ba a rubuta masa suna. Hotonta biyu ne a wayar Inna. Akwai wushiryar da nake gani in na duba madubi. A asibiti akwai fayil mai kauri, kowace allura da kowane zazzaɓi an rubuta, kamar yadda Daktora ta ce suna yi a ƙasarsu don na baya su amfana. Ina fata wani yaro ya amfana da shi. Sai dai a bangon fayil ɗin sunan yarinyar da ke yanka albasa ne.

Ranar da na je kwashe kayanta, Daktora ta tare ni a baranda. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta riƙe hannuna, wanda ban ba ta ba, ta ce da karyayyen Larabcinta, "Mene ne sunanta?" Ba kowa a wurin sai mu biyu. Na buɗe baki na ce, "Amira." Ta sake ni, ta ce Allah ya ji ƙanta, ta wuce. Na ji an ce ta koma ƙasarsu.

Na ce na sauya sunayen mutane a wannan rubutu. Guda ɗaya ne ban sauya ba, kuma ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba, ko da fensir. Ban gaya wa Kawu zan yi ba. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a da shi. In kuma akwai mai iya kai wa wata tsohuwar likita saƙo a Prag, ya ce mata 'yar gwaggon nan yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunanta Zulaihatu.