Kocin da ke rufe baki da kwali

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina suna iya hawa benen gidan ɗana a unguwar Old Trafford ta Manchester ba tare da na tsaya hutawa a tsakiya ba, na taɓa raba ɗana da mijin 'yata a kan wani Bature da ban taɓa gani ido da ido ba. 'Yata ce ke rubuta wannan a waya, ni ina faɗa, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana.

Ɗana likita ne. Shi ne na fari, ba na kama sunansa, Likita nake ce masa kamar kowa. Ya je Amurka ƙaro karatu na shekara biyu, ya dawo mana da takarda da kuma son wata ƙwallo mai kama da gwanda. Ƙarti ne za su sa hular kwano, su cusa kafaɗu kamar an sa musu matashin kai, su yi ta turereniya, a busa usur a tsaya, a sake. Muna zaune a unguwar da ake jiyo ihun filin ƙwallon ƙafa daga kicin, amma shi ta wata ƙasa ce ta ɗauke masa hankali. Bai tsaya nan ba, sai da ya shafa wa mijin ƙanwarsa, wanda muke kira Injiniya, da ke zaune a Sparkhill can Birmingham. Ƙungiya ɗaya suka riƙe.

Ni ban ƙi ba, don ƙwallon ce ta tsara mana zumunci. Duk mako biyu ake haɗuwa ranar Lahadi. In an je Birmingham a bar ni wurin 'yata, in sun zo Manchester su dawo da ni. Ni ke yin girki. Ƙarfe shida na yamma ake fara wasa, kafin nan na zuba wa mazan nan biyu abinci a tire ɗaya, a ƙasa, gaban talabijin. Ban yarda da kowa da farantinsa ba.

A Kano shekara talatin na yi ina shugabantar matan girkin biki, mata goma sha biyu a ƙarƙashina. Ban yi boko ba, amma daga yadda mace ta ɗaura zani na san ko za ta kai la'asar a gaban murhu. Da ido na ci abinci, kuma in na yanke hukunci a kan mutum ba na waiwaye.

Wata shekara cikin sanyin Janairu ƙungiyarsu ta sallami kocinta ta ɗauko sabo. Ina tsince shinkafa na ji Likita ya saki waya a fili yana murna.

"Injiniya, an kawo mana mutum! Duk inda ya je, ba a wuce masu tsaron bayansa."

"Haba Dokta," in ji Injiniya daga can. "Mutumin da bai taɓa riƙe ƙungiya ba? Mataimaki ne fa. Mu matsalarmu cin maki, mai jefa mana ƙwallo yana neman wanda zai koya masa, sai aka ɗauko mana maigadi."

"Ka ba shi shekara biyu ka gani."

"Shekara biyu? Ko kakar wasa ɗaya ba zai ƙarasa ba."

Haka suka yi ta yi har bazara. Da aka zo zaɓen matasan 'yan wasa daga jami'o'i, kocin ya ɗauki wani jibgegen yaro mai tare hanya, ya bar wani mai gudu da Injiniya ya ƙwallafa rai a kansa. Wata guda suka yi a kan wannan. Amma cikin raha ne, a yi musu a yi dariya.

A watan Satumba aka fara wasanni, ranar muna Sparkhill. Na ajiye tire, na zauna a kujerata, na ce a nuna mini mutumin da ya hana kunnena sakat wata takwas. Likita ya nuna shi. Dogo ne mai furfura a gemu, da abin sauraro a kunne, riƙe da wani kwali mai sheƙi. Na zuba masa ido. Duk sanda zai yi magana sai ya ɗaga kwalin ya kare bakinsa, idonsa na can kan mutanen ɗaya ɓangaren. Sau ɗaya, sau biyu, har sau bakwai na ƙirga.

Na ce, "Wannan mutumin ba shi da gaskiya."

Suka juyo.

"Duk wanda zai yi magana ya kare baki, idonsa na kan wasu, gulma yake yi. Magulmaci kuwa ba ya riƙe jama'a. An yi zaɓen banza."

Injiniya ya tuntsire da dariya har ya ƙware, sai da 'yata ta miƙo masa ruwa. Likita ya ce, "Mama, ai ba haka ba ne, abin da ya sa..."

"Na gama magana."

Haka nake. In na ce na gama, ko mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, shiru yake yi.

Sai aka ci ƙungiyar ranar. Aka sake cin ta, aka kuma, har sau huɗu a jere. Injiniya ya samu abin yi. Duk safiyar Litinin sai ya turo saƙon murya: "Dokta, ina kwana, ya haƙuri? Hajiya dai ta gani tun ranar farko." Ni kuma in ji daɗi a raina, in ce ido bai mutu ba.

Ranar da abin ya ɓaci muna Manchester, sun dawo da ni. Ana cikin cin tuwo mai jifan ya sake yin ɓarna. Injiniya ya ɗauki murfin kwanon miya ya kare baki, yana kwaikwayon kocin, ya ce, "Yaya, shawara ce. Kai dai ka bar zaɓe. Duk abin da za a zaɓa a gidan nan a bar wa Hajiya." Ni ma na murmusa. Likita ya cire hannu daga tire, tuwo ko rabi ba a ci ba, ya wanke hannu ya haye sama.

Da Lahadin zuwa Birmingham ta zagayo ya ce yana da aiki a asibiti. Ta gaba Injiniya ya ce motarsa na gareji. 'Yata ta kira ta ce a sa ni a jirgin ƙasa, za ta tarye ni. Na ce ni ba buhun gero ba ce da za a aika. Ba Birmingham nake nema ba, hannu biyun nan nake son gani a tire ɗaya.

Na same shi a ɗaki na rufe shi da faɗa. "A kan Bature za ka yanke zumunci? Da girmanka?"

Kansa a ƙasa ya ce, "Mama, ba Baturen ba ne. Tunda nake, ban taɓa zaɓar abu kika ce ya yi ba. Makarantar da na zaɓa, tafiyata Amurka, hatta matata sai da ta shekara biyar kafin kika ci girkinta ba ki gyara ba. Yanzu har ƙwallo, a gaban mijin ƙanwata."

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri." A ɗakinsa fa muke. Ni na fita.

Mako bakwai aka yi haka. Ranar Lahadi ya kunna wasa shi kaɗai, ya rage murya, matarsa ta kawo masa abinci a faranti. Ni ina gefe da carbina kamar ba kallo nake ba, alhali babu abin da ke wuce ni. A nan na lura kocin ɗaya ƙungiyar ma da kwalinsa, yana kare baki. Mako na gaba wani ne daban, gajere mai tumbi, shi ma haka. Na ce a raina, ko dai ƙasar nan duk magulmata ne, ko kuwa ni ce ban gane ba.

Sai wata rana mai jifan ya wurga ƙwallo ta faɗa hannun abokan gaba. Ya fito fili ya yi jifa da hular kwanonsa, ya je ƙarshen benci ya zauna shi kaɗai, kowa ya dare masa. Ina kallo kocin nan ya sauke kwalinsa, ya taka har can, ya tsuguna a gabansa, ya dafa ƙeyarsa yana yi masa magana, baki a buɗe kowa na gani. Ni na san wannan tsugunon. Haka nake yi wa mace in tukunyar shinkafarta ta kama a gidan mutane.

Na bi matar Likita kicin na tambaye ta, a hankali don kada ya ji. Ta ce, "Mama, ai dabarar wasa yake faɗa wa yaransa. Abokan gaba suna da masu kallon leɓe ta kamara, in bai rufe ba sai su gane abin da zai yi."

Na tsaya riƙe da ƙofar firij. A gidan biki, in dangin ango sun zo da nasu masu girki aka jera murhu kusa da namu, duk sanda zan gaya wa mataimakiyata yawan kimba da masoro da za ta zuba a haɗin yajina, gefen mayafi nake ja in rufe baki, idona na kan waɗancan matan. Shekara talatin ina haka. Allah kaɗai ya san mata nawa suka koma gida suna cewa ni magulmaciya ce.

Ranar Asabar na sa aka sayo zogale da kayan miya. Lahadi da safe na turara dambun shinkafa na cika babbar kular gidan. Na ce, "Likita, Birmingham."

"Mama, yau ina da..."

"Na tambayi matarka. Ba ka da komai."

Awa biyu muka yi a hanya. Da muka isa ya tsaya a ƙofar gida bai kashe mota ba. Na ce, "Kular nan ta fi ƙarfina, shigar mini da ita." Ya kai ta bakin ƙofa. Na ce, "Har tsakar falo."

Injiniya ya durƙusa ya gaishe ni, suka yi wa juna gaisuwar da ake yi wa baƙo a masallaci. Na juye dambu a tire ɗaya na ajiye. Wannan ya zauna a wannan ƙarshen kujera, wancan a wancan, babu wanda ya sauko. Aka fara wasa, aka nuno kocin da kwalinsa.

Ban taɓa ba ɗan da na haifa haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba. Ban ma san lokacin da na ja gefen mayafi na rufe bakina ba, na ce a ciki, "Mutumin nan na ɗauki alhakinsa. Likita ya fi ni gani."

'Yata na tsaye a ƙofar kicin. Ita ce auta, ita kaɗai ke iya mini. Ta ce, "Mama, gulmar wa kike yi?"

Dariya ta ƙwace wa Injiniya, ya toshe ta da hula. Na sauke mayafin, na maimaita da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji. Na ƙara da cewa, "Zaɓenka ya yi." Sannan na juya kan Injiniya. "Kai kuma tun ranar farko ka san dalilin kwalin nan. Ka bar ni a duhu, ka mai da ni sanda kana dukan yayanka."

"Tuba nake, Hajiya."

"Ba ni za ka gaya wa ba."

Ya juya ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na wuce gona da iri."

Likita ya zamo daga kujera ya zauna a ƙasa, ya nannaɗe hannun riga, ya ce, "Miƙo yajin nan." An ci ƙungiyarsu ranar ma. Suka yi ta musu a kan wanda ya jawo, hannu biyu a tire, har aka ga ƙasansa.

Kocin ya yi shekara uku aka sallame shi. Likita ya ce ai ya wuce kaka ɗaya, shi ya yi gaskiya. Injiniya ya ce ai bai ɗauko kofi ba, shi ya yi gaskiya. Har yau ba a raba ba.

Yanzu ina ɗakin ƙasa a gidan 'yata, bene ya gagare ni, doguwar tafiya ma haka. Jikoki sun watse jami'a. Likita kan zo sau ɗaya a wata in aiki ya bari, sauran musun a waya suke yi. Ina kewar Lahadin nan, tururin dambu a gilashin taga, da ƙarti biyu masu digiri suna yi wa talabijin ihu. Idona yana nan yadda yake, bakin ne na koya wa jira. Bara da aka ɗauko wani sabon koci, Injiniya ya ce, "Hajiya, ya kika gan shi?" Na ce, "Tambayi Likita."

Haɗin yajin kuwa, matar Likita na ba wa. A kicin na gaya mata, mu biyu kaɗai, amma duk da haka sai da na ja mayafi. Ga 'yata nan ta ɗago daga waya tana hararata. Rubuta kawai, ke ma naki na zuwa.