Minti Hamsin a Aji

Ranar Talata, 11 ga Maris, da hantsi, aka kira ni daga wata tashar manyan motoci a jihar Tennessee: an tarar da ƙanena Lemuel Prewitt a kujerar tirelarsa, zuciyarsa ta tsaya. Shekararsa talatin da takwas.

Lemuel, kai ne yaron da in ya kama kifi sai ya ba shi haƙuri ya mayar da shi ruwa. Kai ka yi shekara uku kana kai marigayiya Mama wankin ƙoda, kana rera mata waƙoƙin coci da muryar nan taka mai kama da ƙofa mai tsatsa, har sai ta yi dariya. Irin wannan mutumin Baba ya duba ya ga hafsan soja.

Sojoji suka ɗauki nauyin karatunka a jami'a. Sharaɗinsu a rubuce yake: a shekarar farko, wanda ya ga ba zai iya ba ya tafi, ba a binsa komai. Amma wanda ya zauna a aji ranar farko ta shekara ta biyu ya ɗaure kansa: ko ya yi musu aiki, ko ya biya kuɗin da suka kashe masa.

Takardar janyewarka tana aljihunka safiyar ranar farko ta shekara ta biyu, da Baba ya ce da kansa zai kai ka. Ina kujerar baya.

Ka ce, "Baba, ba zan iya ba."

"Ba za ka iya me ba? Zama a kujera? Duk coci na gaya musu ɗana hafsa ne. Shiga ajin yau, gobe ka yi rakinka."

"Baba, ai yau ce ranar da..."

"Lauya ka zama kuma? Sauka mini daga mota."

Ka waiwayo ka dube ni. Ni mai karatun gidan, da na karanta sharaɗin nan sau biyu, na juya ina kallon taga.

Minti hamsin ka yi a ajin. Kashegari ka miƙa takardar. Suka karɓa cikin ladabi, suka aiko da lissafi: dala dubu arba'in da ɗaya, ban da kuɗin ruwa. Ka bar karatu, ka kama tuƙi, shekara goma sha tara. Banki ya hana ka rancen gida. Odessa, wadda za ka aura, ta jira shekara biyar ta gaji; ban ga laifinta ba. Baba bai taɓa sa dala ɗaya ba. A coci cewa yake, "Yaron rago ne."

Saura biya uku ka gama. Ka ce mini ranar da ka gama za ka sayi sabuwar fatsa.

A wurin jana'iza, Baba cikin baƙar kwat ya tari mai shirya gawa: "Yaushe sojojin za su kawo tutar nan da ake naɗewa a miƙa wa uba?"

Na ce, "Ba a ba wanda bai yi aikin soja ba tuta, Baba. Amma sun aiko da wannan." Wasiƙar tunin biya ce, ta iso ranar Alhamis. Na naɗe ta kusurwa uku kamar yadda suke naɗe tutar, na miƙa masa da hannu biyu.

Lemuel, Ubangiji ya jiƙanka, ya sauke ka inda ba a bin kowa. Ina yi wa Odessa ta'aziyya, wadda ta zo ta zauna a bencin ƙarshe, da direbobin da suka ɗauki akwatin gawarka. Ni da Baba kuwa, Allah ya ba mu tsawon rai, kada ya rage mana komai daga tunanin waccan safiyar a cikin mota.