Fuskar Agogon Baba

Har yau in aka kira sallar magariba sai babban yatsana ya motsa da kansa, yana neman abin da zai danna. 'Ya'yana sun ɗauka tasbihi nake ja. Ba su san agogon Baba nake saitawa ba. Kuma duk sanda na tuna agogon nan sai na tuna Kawu, raina ya ɓaci.

A unguwar Kurayyat ta Jidda na tashi, a gida mai ɗaki biyu. Baba ya zo aikin hajji yana saurayi bai koma gida ba, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya masa. Wani tsoho mutumin Buhara ne ya koya masa aikin agogo. Kawu kuwa, wan Umma, haifaffen Jidda ne mai takardar ɗan ƙasa, shi ya sa shagon agogon da Baba ke aiki yake da sunansa. Shi ke zama a gaba cikin farar riga yana tashin ƙamshi, Baba yana ƙuryar baya da gilashi maƙale a ido, cikin warin fetur ɗin wanke ƙarafa. Mutumin da ko murfin agogo bai iya buɗewa ba sai ya karce shi, wai shi ne maigida.

Ina 'yar shekara bakwai Baba ya fara ƙera nasa agogon, a gida, bayan sallar asuba kafin gari ya ɗau zafi. In lokacin gumi ya zo, iskar teku ta danƙare, yakan ɗaure goshi da ƙyalle don kada zufa ta ɗiga a kan aikin. Kowane ɗan faifai mai haƙora da hannunsa ya yanka, ya goge. 'Yan jajayen duwatsun ciki da zaren ƙarfe mai naɗi su kaɗai ya saya. Jikin agogon kuwa awarwaron zinaren Umma ne, ita ta tuɓe ta miƙa masa ba tare da ya roƙa ba. Shekara shida ya yi.

Agogon yana da hannaye kashi biyu. Manyan suna nuna lokacin ofis. Ƙananan, a wani ɗan da'ira daga ƙasa, suna bin lissafin tsofaffin Hijaz, wanda a cikinsa faɗuwar rana ita ce ƙarfe sha biyu. Da ladan ya ɗaga murya sai a danna wani ɗan maɓalli a gefe, ka ji ƙas, ƙananan hannayen su koma sha biyu. Ni Baba ya bar wa dannawar. Fuskar agogon fara ce tas kamar cikin faranti, kuma a can ƙasa ya rubuta sunansa da sunan Jidda da ƙananan baƙaƙen Larabci. A duk ƙasar nan, nan ne kaɗai aka taɓa rubuta sunan Baba.

Da Kawu ya gani sai idonsa ya yi ƙyalli. Ya ce ya san wani attajiri mai tara agogo, zai kai masa ya gani. Da ya hangi rubutun kuma sai ya yamutsa fuska.

"Ya akhi, wa zai ɗaura sunan ɗan takari, baƙon haure, a hannunsa? In an ce ina iƙamar mai sunan fa? Tarhil kake so, a tasa ƙeyarka zuwa gida?"

Baba ya ce, "Ka nuna masa yadda yake. In bai so ba, ka dawo min da shi."

Kwana huɗu ya dawo da shi, ya dangwara a kan tabarma gaban Baba. Da farko ban gane shi ba. An cire farar fuskar, an maƙala wata mai walƙiya da sunan wani babban kamfanin Turai, irin wanda ake gani a allunan bakin titi. Ƙananan hannayen babu su, an tumɓuke, sabuwar fuskar ta rufe wurinsu. Kawu ya kai wa wani a kasuwa ya yi masa wannan ɗanyen aiki don agogon ya yi tsada. Attajirin kuwa ya san kayan kamfanin nan kamar yunwar cikinsa. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce taƙlid ne, wato jabu, ya turo shi gefen tebur. Ko murfin baya bai sa an buɗe ba.

Ka ji ikon Allah. Agogon gaskiya ya fita daga gidanmu, ya dawo jabu. Kuma Kawu ne ke huci, wai an kunyata shi a gaban manya.

Baba ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya ce, "Ina fuskar?"

"Na yar. Halas, yalla, a bar zancen."

Umma ta tashi ta shige ɗaki. Shekara uku ba ta taka gidan wanta ba. Washegari Baba ya koma ƙuryar shagon, don ba shi da inda zai je. Zai iya ƙera wata fuskar, amma bai ƙera ba, bai kuma sake taɓa kayan aikinsa na gida ba har ya bar duniya.

Bara ɗiyata ta nuna min a waya cewa a Turai ma akwai irinsu Baba, mutum ɗaya a ɗan ɗaki, ya shekara a kan agogo ɗaya, ba wanda ya san shi sai 'yan tsiraru. Ban yi mamaki ba. Ba su da allon bakin titi, kuma mai saye ba lokaci yake nema ba, so yake na kusa da shi ya karanta sunan ya jinjina. Amma su ko ba komai an bar musu sunansu a kan aikinsu.

Ranar zaman makokin Baba ina bayan labule wajen mata, na jiyo Kawu yana ce wa maza, "Allah ya jiƙansa, ya iya gyara."

Ban san sanda na ɗaga murya ba. "Ƙira, Kawu. Ba gyara ba, ƙira."

Har gobe dangi suna cewa na yi rashin kunya, ni kuwa ban janye ba.

Agogon yana wurina, da sunan baƙon a fuskarsa. Bai taɓa tsayawa ba. In an kira magariba ina ni kaɗai nakan ciro shi in danna, in ji ƙas. A can ciki, inda ba mai gani, aikin Baba ya koma sha biyu daidai.